Alawa Mai Jirgi

Zuwa ga Gwaggo,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa tare da fatan kina lafiya. Ya ƙarfin jiki, ya gwiwoyin? Na rubuto ne maimakon in kira, domin na san kunnenki da waya ba sa ga maciji, kuma wannan ba maganar da zan yi ta ɗaga murya a kanta ba ce har maƙwabta su ji.

Ƙafar Baba ce. Kin tuna allurar da ya taka a shagon ɗinkinsa wata uku da suka wuce, ya ce ba komai? Ciwon suga ya hana wurin warkewa, yatsu biyu sun yi baƙi. Jiya likita ya ce sai an yanke daga ƙasan gwiwa, kuma kada a wuce mako biyu, in ba haka ba gubar za ta shiga jini. Akwai takardar amincewa da sai shi da kansa zai sa wa hannu. Ya karɓa, ya ninke ta gida huɗu, ya sa a aljihu, ya ce in taso mu tafi gida.

Gwaggo, babu abin da ban yi ba. Da na tashi daga makaranta na sallami ɗalibai, waya ce a hannuna. Akwai shafin intanet da ke koyar da wanke ciwo da naɗe shi, ana nunawa dalla-dalla a bidiyo, kyauta. Akwai wanda za ki faɗa wa abin da ke kicin ɗinki, ya tsara miki abincin mai suga na mako guda. Wani kuma yana buga ƙararrawa idan lokacin magani ya yi. Na zana jadawali na liƙa a bangon ɗakinsa, gwajin safe da na yamma, har yana kiran bangon allon Malama.

Ba ya musu da ni, shi ne abin da ya fi damuna. In na ba shi abinci ya ci, in na kawo maganar takardar ya ɗaga kai yana kallon silin. Magana ɗaya tak ya yi min da kansa a makon nan, wai ko har yanzu ana sayar da alawa mai jirgi? Ki ji fa. Mutumin da za a raba da ƙafarsa saboda suga, alawa ce a ransa. Raina ya ɓaci, na fita daga ɗakin don kada in faɗi abin da zan yi nadama.

Ke ce yayarsa, ke kaɗai kika rage masa a sama. Don Allah ki rubuto masa, ki ba shi umarni ya sa hannu. Direban da ya kawo miki wannan zai dawo jibi.

Ki huta lafiya.
'Yarki.

*

Malama 'yar ƙanena,

Wa alaikumussalam. Gwiwoyi suna amsawa, su ne ke mulkin gidan yanzu, sai inda suka ce nake zuwa. Na jawo tsohuwar tafiretata daga ƙarƙashin gado. Shekara talatin na yi ina buga wasiƙun mutane a ofis, ban taɓa buga wadda ta yi min nauyin wannan ba. Allah Ya ba Tela lafiya, ke kuma Ya yi miki albarka.

Umarni kika ce? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ubanki kuwa tun yana ɗanyen ma bai tanƙwaru ba. In na ce masa gabas, don ni na faɗa zai yi yamma. Ba zan ɓata takarda a kan haka ba.

Amma alawa mai jirgi! Ba ki san ta ba, an daina yin ta tun kafin a haife ki. Takardarta shuɗiya ce da hoton jirgin ruwa, ciki kuma akwai wata mai ƙyalli da muke gogewa da farce har ta miƙe. Ɗanɗanon man shanu gare ta da ɗan gishiri can ƙarshe, kuma in kika yi gangancin taunawa sai ta ɗaure miki haƙora. A wani shago da ke kan kwanar titi ake sayar da ita, cikin kwalba mai jan murfi. Babanmu ma'aikacin gidan burodi ne, ƙarfinsa alawa guda ɗaya ce, mu biyu kuma. Saboda haka da falwayar wuta muke rabo a hanyar makaranta: daga wannan zuwa waccan tana bakina, sai in ciro in ba shi, daga waccan zuwa ta gaba tana bakinsa. Ƙazanta ko? Ga mu nan dai ba mu mutu ba. In tana bakina sai in riƙa tafiyar hawainiya, in ta koma nasa sai in ce ɗaga ƙafa, mun makara. Shekara guda ina cutarsa kafin ya gane.

Yanzu ki gaya min. Da ya yi tambayar nan, yana murmushi ne ko kuwa? Ke yake kallo ko wani wuri? Kuma ban da awo da gwaji, wace hira kuke yi? Kada ki mayar da ubanki jarrabawar da kike son cinyewa. Shafukan nan naki sun san ciwo, na yarda, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ki gaishe shi. Ki ce Yaya ta ji.
Gwaggonki.

*

Gwaggo,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Maganarki ta jarrabawa ta yi min zafi, ba zan ɓoye miki ba. Tun rasuwar Mama ni kaɗai ce a kansa. Ni ke kwance bandejin nan kullum in shaƙi abin da ke ƙarƙashinsa, in fita bayan ɗaki in yi amai, in wanke fuska in dawo ina fara'a. In ban riƙe jadawalin ba me zan riƙe?

Duk da haka na nemo alawar. Akwai wani zaure a intanet inda dattawa ke ɗora hotunan kayan da: gwangwanayen madara, akwatunan ashana, takardun sabulu. Na rubuta tambaya, kafin azahar wata baiwar Allah ta ɗora hoton takardar, shuɗiya da jirginta, ta ce a cikin littafin mahaifiyarta ta same ta. Mutum fiye da ashirin suka taru a ƙasa, kowa da labarinsa, har da wanda ya ce ita ta cire masa haƙorin farko. Wata ta rubuta yadda ake dafa makamanciyarta a gida. Na kai wa Baba wayar da murnata. Ya daɗe yana kallo, ya sa babban yatsa yana shafar gilashin. Sai ya miƙo min ya ce, "Ita ce. Ɗauke." Amsar tambayarki ke nan, babu murmushi, ranar farkon ma babu. Ƙofa yake kallo.

Na ɗauka keken ɗinkinsa yake jin tsoron rabuwa da shi, tunda da ƙafa ake taka shi. Na samo bidiyon yadda ake sa wa irin nasa ƙaramin inji, da na wani tela mai ƙafar roba yana ɗinki yana dariya. Na ce, "Ka gani Baba? Abu ne mai sauƙi, ka yi barci ka farka an gama, yanzu za ka fito." Gwaggo, ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya ce, "Wa ya koya miki wannan maganar?" Ya juya ya fuskanci bango, ranar ko abincin rana bai taɓa ba.

Baƙin ya kai idon sawu. Saura kwana takwas. Tsoro nake ji, kuma ban san laifin da na yi ba.

Ki sa mu a addu'a.
'Yarki.

*

'Yata,

Ina gaishe ki, ina kuma neman afuwarki. Na tsokane ki alhali kina ɗauke da kayan da ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Laifina na biyu ya fi wannan: rabin labari na ba ki, rabin mai zaƙi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ga sauran.

Ina da shekara goma, ubanki bakwai, aka kwantar da babanmu za a yi masa tiyata a ciki. Kawunmu ya kai mu asibiti da safe. Akwai wani dogon benci a baranda, fentinsa kore ya ɓaɓɓare, yana fuskantar ƙofa mai murfi biyu. Aka turo Baba a gado ya wuce mu, ya ɗaga mana yatsu. Kawu ya zaunar da mu, ya sa hannu a aljihu ya ciro mai jirgi guda biyu. Biyu, Malama, kowa da tasa, abin da bai taɓa faruwa ba. Ya ce, "Ku zauna ku sha. Barci kawai zai yi, yanzu zai fito."

Ubanki murna kamar ya tashi sama. Ya sha tasa a hankali, ya goge takardar mai ƙyalli ya ce zai nuna wa Baba in ya fito. Muka zauna har inuwar barandar ta juya. Manya suna shiga suna fita, kowa ya zo sai ya kau da kai. Mun ji kukan Inna daga wani ɗaki, aka ce mana ciwon kai take yi. Babu wanda ya tsuguna ya gaya mana. Sai da muka koma gida muka ga ana fitar da kujeru waje, a bakin 'yar maƙwabta muka ji.

Tun ranar bai sake sa alawar nan a baki ba, ni ma haka, kuma shekara sittin ba mu taɓa zancen ba. Kin taɓa ganin an yi masa allurar barci? Haƙorinsa da ya ruɓe, da idonsa biyu aka cire shi. Ba kwaɗayi ne ya sa shi tambayar ba. Zuciyarsa ce ta koma kan bencin nan. Ke kuma, cikin rashin sani, kika faɗa masa kalmomin Kawu ɗaya bayan ɗaya.

Ba ki yi laifi ba, amma ki daina lallashinsa. Mutumin da aka taɓa rufe wa baki da zaƙi, duk wanda ya zo masa da magana mai daɗi ƙarya yake ji. Ki ba shi gaskiya da ɗacinta. In akwai haɗari ki ce akwai. In kina jin tsoro, shi za ki faɗa wa, ba ni ba.

Allah Ya dafa miki.
Gwaggonki.

*

Gwaggo,

Gaisuwa da girmamawa. Na karanta wasiƙarki a ɗakin malamai, na kasa shiga aji, sai wata abokiyar aikina ta karɓar min darasin.

Da na koma gida da la'asar na zauna a bakin gadonsa, ban ɗauko na'urar gwaji ba. Na ce, "Baba, na yi maka ƙarya. Ba abu ne mai sauƙi ba. Ina tsoron a shiga da kai kada ka fito, ina kuma tsoron ka ƙi shiga in zauna ina kallonka kana tafiya. Na biyun ya fi tsorata ni." Na yi kukan da na yi wata uku ina yi a bayan ɗaki. Ya bar ni har na gama, sannan ya ce, "Yaya ta yi surutu ke nan." Na ce ta yi. Ya ce dama bakinta ba ya riƙe komai sai alawar mutane.

Daga nan ya ce in ɗauko wayar. Akwai wani shafin likitoci da ke bayanin tiyatar ba ɓoye-ɓoye, wanda kullum nake tsallake ƙarshensa. Ya ce ƙarshen yake so. Na karanta masa abin da kan faru da masu shekarunsa da ciwonsa, har da waɗanda ba sa farkawa. Ya sa na maimaita wurin sau biyu. Ya ce in kawo biro, ya faɗo tambayoyi bakwai na rubuta. Washegari ya tsare likita da su ɗaya bayan ɗaya, kamar yana ɗaukar awon riga. Likitan bai rage masa komai ba, Baba kuma ya yi masa godiya har sau uku.

Bai ce min eh ba, bai ce a'a ba. Takardar tana aljihunsa. Saura kwana huɗu, zazzaɓi kuma ya fara. Yau da safe ya nemi takarda da ambulan, ya rubuta da kansa, ya liƙe, ya ce in haɗa miki. Ban buɗe ba.

Ki yafe min zafin da na yi miki.
'Yarki.

*

Yaya,

Ina gaishe ki. Ki yi haƙuri da rubutun, hannun ya fi sabawa da almakashi.

Na sa hannu. Alhamis da safe za a shiga da ni. Yarinyar ba ta sani ba tukuna, na fi son in fara gaya miki.

Na san halin gwiwoyinki, amma na yi magana da direba, zai ajiye miki kujerar gaba ranar Laraba. Ki zo. Ba don ni ba, ni barci zan yi. Na leƙa barandar asibitin, akwai benci, kuma ba na son ta zauna a kai ita kaɗai.

In na fito, to, alhamdu lillahi, sai ki yi min faɗan da kika tara. In kuma abin ya zo da akasi, kada ki bari ta tsinta a fuskokin mutane. Ki kama hannunta, ki faɗa mata da bakinki, a lokacin.

Sai kin iso.
Ƙanenki.