Janaretan Injin Shatu

Daga Dutsi

Baba Ɗantsoho mai walda,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Injin niƙan da ka haɗa wa yayata Shatu ya iso daga Daura. Saƙonka na cewa sai an saya masa ƙaton janareta ma ya iso, na kuwa yi dariya. Baba, abin nan lissafi ne, ba kintace ba. Lambar da ke jikin moton ta ce ƙarfin doki uku. Shekara huɗu na yi ina karanta wannan fanni, ba a gindin bishiya da guduma ba. Shanun huɗarta ta sayar, ba zan bari a ɓarnatar da kuɗin a kan shaci-faɗi ba. Ƙarami zan saya.

Ka huta lafiya.
Injiniya Abdulmuhaimin

Daga Daura

Ɗana Abdulmuhaimin,

Salamu alaikum. Na ga takardarka, har da "Injiniya" a ƙasa, ma sha Allah. Ina haɗa injin niƙa tun kana yawo ba wando. Amma tunda jikin moto ya yi maka magana, wane ni, ɗan gindin bishiya, in sa baki? Sayi ƙaramin. Allah ya ba da sa'a.

Ka gaida Shatu.
Ɗantsoho

Daga Dutsi

Baba Ɗantsoho,

Bayan gaisuwa. Jiya muka kunna. Mata sun jera kwanukan gero har bakin titi. Moton ya yi gurnani bai ko juya ba, janaretan ya shaƙe, ya yi hayaƙi, ya ƙone ƙurmus. Mai gyara ya ce sai dai a sayar wa 'yan gwangwan. Lissafina daidai yake, na sake shi sau uku. Tarkacenka ne ke da matsala. Me ka saka a ciki?

Abdulmuhaimin

Daga Daura

Ɗana,

Salamu alaikum. Moton doki bakwai ne, ni na sake naɗa masa waya da hannuna, kuma wajen tashi yana jan wuta ninkin-ba-ninkin. Lambar da ka karanta ta tsohon famfon ruwa ce, na liƙa ta don toshe wata ɓula. Duk yaran kasuwa sun san ba a yarda da lambar moton da aka naɗa. Da ka tambaya, da na faɗa maka. Ina Injiniyan ya tafi, ban gan shi a ƙasan takardar ba?

Ɗantsoho

Daga Dutsi

Baba Ɗantsoho,

Ina gaisuwa. Abdulmuhaimin ya karanta mini takardarka yana kuka. Shi wauta ya yi, yaro ne. Kai kuwa ka sani, ka yi shiru don ka ga ya ji kunya. To, ya ji. Sai dai shanun ba nasa ba ne.

Ruwa ya sauka ranar Talata. Kowa ya huɗe gonarsa, ni da 'ya'yana muna bin tamu da fartanya. Ka aiko a ɗauke ƙarfenka, ya tare mini ƙofa.

Shatu