Amya a Kurmin Tsohuwa

Gozaki, ranar Laraba

Zuwa ga Yaya Abdulmutallib,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da Yaya Hansai da yara. Inna tana gaishe ka, ƙafarta ta yi sauƙi. Na ba direban motar Funtua wannan takarda tunda ka daina ɗaukar wayata.

Jiya aka gama sauke amya daga itatuwan Kurmin Tsohuwa, kamar yadda ka yanke a matsayinka na shugaban kwamitinmu na tsare dajin. An jera akwatunan zuma da ƙungiyar Hajiya Titilayo ta kawo a gefen rafi, sun yi kyau a hoto. Na san hujjarka: bara wutar masu ɗiban zuma ta ci rabin ciyawar makiyaya. Ni ma ban ce ƙarya ba ce, kuma na ɗaga hannu tare da kai.

Amma abin da ya dame ni shi ne yadda ka yi. An kafa kwamitin nan don manoma da makiyaya da masu zuma da malamin daji su yi magana da baki ɗaya, sai ka tsawata wa Malam Mahadi, babban masu zuma, a gaban baƙi kamar yaron gidanka. Ya naɗe igiyarsa ya tafi, mutanensa suka bi shi. Kai kuma ka shiga mota ka koma Funtua, ka bar ni da gaisuwar da ba a amsawa a masallaci. Wataƙila ni ne ke kambama abu, ka san halina.

Ƙaninka, Bature

Gozaki, ranar Lahadi

Yaya,

Bayan gaisuwa. Ina fata kana lafiya, tunda mu ba ka tambayi tamu ba.

Masu gawayi sun shiga kurmi da zarto mai inji. Na bi kututturan ɗaya bayan ɗaya har na koma na sake bi, don kada in ɗora maka abin da ba haka ba. Duk itacen da suka kayar, wanda muka sauke wa amya ne. A nan ka girma, Yaya, ka sani kamar yadda na sani: itacen da ke ɗauke da amya yana da mai shi, ba mai sa masa gatari, ga kunya ga harbin ƙudan zuma. Da hannunmu muka sanar da duk mai wucewa cewa itatuwan nan marayu ne. Masu zuma kuwa, da su ne idonmu a dajin, suna zaune a kasuwa suna kallon buhunan gawayi na wucewa.

Sun kayar da biyu daga ɗorawar da Inna ke samun kalwar daddawarta tun kafin a haife mu. Babbar ce kawai ta rage, ta bakin mashaya. Inna ba ta yi kuka ba, tambaya ta yi ko kai ma ka ga wurin a hoto.

Na je wa Malam Mahadi, ya bar ni tsaye a ƙofar zaure. Ya ce wanda ya kore shi a gaban jama'a shi zai kira shi a gaban jama'a. Na gaya maka, saura kai.

Bature

Gozaki, ranar Juma'a

Yaya Abdulmutallib,

Gaisuwa irin wadda Musulunci ya wajabta. Saƙonka ya iso ta bakin direba, cewa shugaba ba ya roƙon mai hura wuta, kuma duk wanda ya mai da amya ya karya dokar kwamiti, za ka zo da malamin daji a sauke ta.

To, ni ne na karya ta. Na ɗauko tsohuwar amyar Baba daga rumbu, na turara ta yadda yake yi, na hau babbar ɗorawar Inna na ɗaure ta. Rabona da hawa itace tun muna makaranta, gwiwata har yanzu tana gaya mini. Ina sama ina tambayar kaina ko daji nake karewa ko haushinka nake hucewa. Na dai ƙulle igiyar sosai.

Masu gawayi sun dawo shekaranjiya. Sawunsu ya zagaye gindin ɗorawar, suka wuce. Makiyaya sun yarda su zauna da masu zuma a kan maganar wuta, ko kana nan ko ba ka nan, kujerarka dai ba wanda ya taɓa ta.

Ka ce za ka sauke ta. Bismillah, amma kada ka turo kowa, ka zo ka hau da kanka, Inna za ta fito ta gani. Sai dai ka zo da babbar riga mai kauri. Akwatunanka na bakin rafi har yau cinnaka ne a ciki, tawa kuwa ƙuda sun tare tun ranar Talata.

Ɗan'uwanka duk da haka,
Bature