Orka Ba Ta Auna Tsawon Jirgi

Zuwa ga Mai girma Alhaji, shugaban kwamitin ba da shawara kan kare dabbobin teku, Paris.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaishe da Hajiya da yara, da fatan aiki yana tafiya lafiya. A nan zan tsayar da gaisuwa, ranka ya daɗe, don ita ce ta cuce ni a ofishinka.

Saboda masu karatu da ba su san ni ba: sunana Saude, ƴar Damagaram, matar marigayi Malam Habu wanda kai Alhaji kuka yi makaranta tare da shi. Na yi shekaru ina gwajin ruwa a wata masana'anta a Saint-Fons, gefen birnin Lyon. Da aka rage ma'aikata, na zuba abin da aka sallame ni da shi a rabin wani ƙaramin jirgin ruwa mai tafiya da iska. Ɗaya rabin na matuƙinsa ne, Si Larbi, ɗan Maroko. Kowace bazara ina kwasar iyalai daga Lyon da Clichy-sous-Bois ta gefen Paris mu gangara mashigin tekun da ke tsakanin Sipaniya da Maroko, su ga orka, dabbar nan mai baƙi da fari, mai siffar kifi amma tana shayar da ɗanta nono. Bana hukumar tashar da muke ɗaure jirginmu ta hana ni izinin fita, bisa shawarar kwamitinka.

1. Ina taya ka murna da kujera. An ce an zaɓe ka ne don ƙasarmu ba ta da teku, saboda haka ba ka da ɓangare. Gaskiya ne. Ba ka da ɓangare, ba ka da jirgi, ba ka kuma taɓa ganin orka ba sai a hoton da ke bangon ofishinka. Na tuna ranar da ni da Habu muka ɗauke ka yawo a kan kogin Saône, ruwa kwance kamar tabarma, ka riƙe hannun rigarsa kana salati har muka sauka. Ban ga laifinka ba, mu mutanen rairayi ne. Ban dai zaci tekun duniya zai dawo hannunka ba.

2. Kada a ce Saude tana gaba da orka. Na karanta abin da masana suka rubuta a kanta fiye da yadda na karanta takardun fanshona. Da kunne take farauta, da kunne take kiran ɗanta. Ƙarar inji a gare ta kamar a haska wa mutum fitila a ido ne a ce ya zura zare a allura. Kuma tsohuwar da ta daina haihuwa ita ke jan garken, ita ta san inda kifi yake bi. Macen da ta kai shekaruna tana da dalilin girmama irin wannan dabba. Na kuma yarda akwai ƙananan jirage masu gudu da ke bin garke kamar karnukan farauta don baƙo ya samu hoto. Ku kore su, zan riƙe muku ƙofa.

3. Amma ga abin da kuka rubuta: jirgin da bai kai wani tsawo ba kada ya shiga yankin da orka take. Ba ku tambayi ƙararsa ba, tsawonsa kuka auna. Si Larbi yana kashe inji tun daga nesa, iska ta ƙarasa da mu, har fasinja yakan ji hucin numfashin dabbar idan ta taso. Mu aka hana. Manyan jiragen dakon kaya da na fasinja, waɗanda rugugin injinsu ke kaɗa shayi a kofi tun daga gaɓa, suna wucewa dare da rana. Wani babban jirgin ƴan yawon buɗe ido mai inji biyu da mashaya da lasifika shi ma ya samu izini, don dogo ne. Ashe orka tana yawo da igiyar awo ban sani ba. Idan ta ga dogon jirgi sai ta ce wannan babban mutum ne, ta toshe kunne da ladabi.

4. Na so in faɗa maka wannan baki da baki. Na hau jirgin ƙasa daga Lyon, na sayo maka kilishi a unguwar Belleville ta Paris kamar yadda ake zuwa wurin babba, sakatariyarka ta ba ni ɗan lokaci ta ce kada in wuce shi. Ka tashi ka tarbe ni. Ka tambayi lafiyata, da gajiyar hanya, da sanyin Lyon. Ka tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Ka yi wa Habu addu'a, na amsa. Ka tambayi mutanen gida, unguwa bayan unguwa, har waɗanda suka rasu kafin in baro Damagaram. Ni kuwa tarbiyya ta ɗaure min baki, ba a katse wa babba gaisuwa. Ina buɗe jakata sakatariya ta ƙwanƙwasa ƙofa. Ka rako ni har bakin lif kana cewa in gaida gida. Ban taɓa ganin an kori mutum da mutunci irin haka ba. Kilishin dai ya samu ganawa.

5. Ka san ko su wa nake ɗauka? Mata masu sharar ofisoshi tun asuba, da ƴaƴansu da ba su san teku ba sai a labarin waɗanda ya cinye. Bara wata Hajiya ƴar Tahoua ta ga wata uwar orka tana tura ɗanta sama da kai don ya shaƙi iska. Tun daga ranar ta hana jikokinta jefa leda a magudanar ruwa. Babban jirgin ba zai ɗauke ta ba, ba irin fasinjarsa ba ce.

Roƙona uku ne. A auna ƙara, ba tsawo ba. A sa kowa, babba da ƙarami, ya rage gudu ya tsaya nesa da garke. A mayar wa jiragen da ke kashe inji izininsu kafin bazara ta shigo.

Idan ba a yi ba, ni da Si Larbi za mu sayar da jirgin, jirgin da ke ɗaure ba ya ciyar da kowa. Mai saye ma ya riga ya zo: kamfanin babban jirgin nan. Ba jirginmu yake so ba, wurin ɗaurinmu a tasha yake so, don ya kawo dogon jirgi na biyu. Wannan ita ce kariyar da sa hannunka zai kai wa orka.

Allah ya ƙara maka lafiya da girma, ya tsawaita wa'adinka, ya ba ka kunne irin na dabbar da aka ba ka amana.

Wassalam.

Saude,
Saint-Fons, Lyon.