Tabulet a Kular Zoɓo

Laraba, bayan isha'i

Duk wanda ya buɗe littafin nan ba da izinina ba, Allah na ganinsa. In kuma ke ce Rukayya, karanta, dama da ke nake.

Yau da azahar na buɗe kular zoɓon da nake sayarwa, sai ga tabulet ɗin Rukayya ƙulle a leda, kwance kan ƙanƙara. Na ce, "Wannan wane irin shashanci ne?" Ta ce, "Mama, zafi yake ɗauka, in ban sanyaya shi ba sai ya mutu." Ashe sati biyu ke nan tana haka, ta yi shiru don gudun faɗana. Manhajar gwajin jarrabawar shiga jami'a, wadda dominta aka sayo shi, ko buɗewa ba ta yi. Ga jarrabawa saura sati uku!

Babanta ne ya sayo a Tunga, ya dawo yana washe baki wai ya samu araha. Na yafa mayafi na tafi shagon. Mai shago ya ce, "Hajiya, ai zafin Minna ne." Na ce, "To taka wayar a sanyin Jos take kwana?" Ya nuna mini takardar da ya manna, wai ba a mayar da kaya. Har yanzu raina tafasa yake.

Bayan magariba na tara su, har da uban gayyar. Daga yau ba a sayen abin caji a gidan nan sai an kunna shi a shagon, ya yi rabin awa a tafin hannuna, ya kuma yi aikin da aka je nema.