Zakaran gidanmu yana ƙwai

Anti mai filin shawara, sallama da fatan alheri. Don girman Allah ki taimake ni kafin ranar Litinin. Na san mutane suna kawo miki manyan matsaloli, ni kuwa tawa ta kaza ce, amma ki daure ki karanta har ƙarshe kafin ki yi dariya.

Ni mai gyaran fanka da firji ne, ina da 'ya'ya uku, duka mata. Babbar shekararta goma, ƙannenta suna ce mata Yaya. Ta tsakiya bakwai, muna kiranta Shiru-shiru don ba ta cika magana ba. Sai Auta mai shekara biyar. Ba yabon kai ba, na yi ƙoƙari a kan yaran nan. Na koyi kitso lokacin da uwarsu ta yi jinya, ko da yake layin nawa kamar hanyar tururuwa yake fita. Na taɓa zuwa gyara gidan wani babban mutum da jan farce a yatsuna uku ban sani ba, don sun shafa mini ina gyangyaɗi. Abu ɗaya na riƙe tun suna rarrafe, kullum ina ce musu a gidan nan ba a ƙarya, ko me ka fasa ka faɗa.

Wata takwas da suka wuce Auta ta dawo daga gidan kakarta da 'yar tsakuwar kaza fara. Ta sa mata suna Malama, wai tafiyarta irin ta malamar ajin Yaya ce, a ɗaga kai a leƙa hagu a leƙa dama. Ta yi mata ɗaki da kwali a bakin ƙofa. Takan goya ta da ɗankwalin uwarta, ta karanta mata baƙaƙe, in za ta makaranta sai ta bar mata sallahu.

Wata safiya bayan yara sun tafi, na turo babur da baya zan fita, sai na ji wani abu ya yi laushi a ƙarƙashin taya. Na duba, ashe Malama ce. Na tuna yadda Auta ta yi kuka kwana biyu don takalminta ya faɗa kwata, na ce wannan kam ba zan iya ba. Na binne Malama a bayan gida, na tafi kasuwa na zaɓo wata fara mai kama da ita. Da Auta ta dawo ta ce me ya sa Malama ba ta amsa kira, na ce kaji in suna girma sukan manta sunansu, sai an sake koya musu. Ta zauna ta koya mata. A nan na ɗauka magana ta mutu.

Bayan wata biyu wannan ma ta faɗa durom ɗin ruwa. Ina tsamo ta da guga, na ɗago kai sai ga Shiru-shiru a taga tana kallona, na manta ranar zazzaɓi ya hana ta zuwa makaranta. Ta ga na fita da leda, ta ga na dawo da kwando. Har yau ba ta faɗa wa kowa ba, amma tun daga ranar ba ta sake wanke kwano ba. In na ce ta tashi ta yi shara, sai ta dube ni ta ce "kwak" a hankali, ni kuwa in ɗauki tsintsiyar da kaina. Ita ke zama a gaban babur yanzu, ita ke zaɓar tashar da za a kalla. Yarinya 'yar shekara bakwai ta mayar da ni ɗan haya a gidana.

Ta ukun nan a gaggauce na saye ta, mai kajin ya rantse mini mace ce. Ana nan sai Auta ta fara damuwa wai kajin maƙwabta suna ƙwai, Malama ba ta yi. Sai na riƙa sayen ƙwai a shago ina sawa a kwalin kafin yara su tashi. Murna a wurin Auta ba a magana. Ni kuma ina lura zankon Malama yana ta girma yana ja, bindinta yana lanƙwasa, amma na ce wa zuciyata ƙiba ce. Ran nan muna shan shayi da safe, Malama ta hau kan babur, ta buɗe fukafukai, ta rangaɗa cara har sau uku.

Su uku suka juyo suna kallona. Da na yi shiru ma da ya fi. Amma bakina ya riga ni, na ce ai kaza in ta samu kulawa sosai da ilimi, takan zama zakara. Shiru-shiru ta sunkuyar da kai cikin kofinta. Yaya kuwa ta ɗauko littafinta ta rubuta, don ita duk abin da na faɗa rubutawa take yi. Auta ta tambaya ko Malama za ta daina ƙwai, idonta ya ciko, na ce ina, ai ba a mantuwa da sana'a. Shi ya sa har yau nake sa ƙwan. Rannan cikin sauri na sa dafaffe, Auta ta zagaya gidajen layinmu tana nunawa. Yanzu mata suna aiko a duba musu ko gaskiya ne, wata tsohuwa ma ta zo da kanta tana roƙon a ba ta gashinsa guda ɗaya.

Ana wata ga wata. Makon jiya a darasin kimiyya malamarsu ta zo kan kaji, Yaya ta ɗaga hannu ta ce kaza tana komawa zakara, a gidansu ma an yi. Aji ya kwashe da dariya. Wata yarinya ta ce ubanki maƙaryaci ne, Yaya ta sauke mata rula a goshi. Yayar da ko sauro ba ta iya kashewa. Aka aiko in zo.

Na isa ofishin shugabar makaranta na tarar Yaya ta riga ni, da kwando a gabanta, ashe ta ɗauko zakaran ta zo da shi shaida. Shugaba ta ce a buɗe. Ya fito ya taka kan tebur, ya leƙa hagu ya leƙa dama, ya yi kashi a kan rajista. Malamar ajin ta tambayi sunansa, Yaya ta faɗa, ta kuma bayyana dalilin sunan. Sannan shugaba ta cire tabarau ta tambaye ni kai tsaye, shin ni na gaya wa yarinya wannan magana, kuma gaskiya ce? Yaya ta kafe ni da ido, ko ƙiftawa ba ta yi. Anti, na buɗe baki zan faɗi gaskiya, abin da ya fito shi ne, "Hajiya, ikon Allah ya fi gaban mamaki."

Hukuncin da aka yanke, ranar Litinin ko dai Yaya ta tsaya gaban aji ta janye maganarta, ko ta kawo ubanta ya yi wa aji bayani. Ta zaɓi ubanta. Tun jiya ta goge mini riga ta rataye.

Da na rasa mafita na zaunar da uwarsu na zayyane mata komai. Ta yi dariya har ta zame daga kujera. Da ta samu numfashi sai ta ce ashe shi ya sa wasu ranaku ake samun ƙwai biyu, don ita ma tana sawa. Ta kuma ce wadda na taka da babur ba ita ce ta asali ba, ta asalin shaho ya ɗauke ta tun wani mako da na yi tafiya, ita ta sayo wata. Wato wannan Malama ta huɗu ce. Amma ta ce ita ba ta yi rantsuwa gaban shugabar makaranta ba, wanda ya ɗaure shi zai kwance.

Ƙanena ya ce in sayo kaza mace in musanya, in ce ta koma yadda take. Wani likitan dabbobi da nake gyara wa firji ya ce ai jefi-jefi akan samu kazar da ke fitar da zanko har ta yi cara, in je in faɗa wa ajin haka. Ni kuma har na fara tambayar wata makarantar. Abin da ke hana ni sukuni shi ne idon yarinyar nan a ofis. In na faɗa mata, ta yaya za ta sake yarda da ni? In ban faɗa ba, zan tsaya gaban yara arba'in in ƙara wata. Me zan yi?

Naki cikin damuwa,
Uban 'yan mata uku

Uban 'yan mata uku, na amsa sallamarka. Ka ce kar in yi dariya, ban iya cika maka wannan ba, amma na karanta sau biyu kuma na ga inda ciwon yake.

Bari in fara ba ka haƙƙinka. Ƙaryar farko tausayi ne ya haife ta, kuma iyaye kaɗan ne za su rantse ba su taɓa yin irinta ba. Ga matarka ma ta yi. Sai dai tun daga ranar carar, ba hawayen Auta kake karewa ba, girmanka kake karewa. Kuma ba kai ke ɗaukar nauyin ba. Babbar ce ake yi wa dariya a aji, ta tsakiya ce ke yawo da sirrin da ya fi ƙarfin shekarunta.

Shawarar ƙanenka ka bar masa kayarsa, Malama ta biyar ba za ta fi ta huɗu rufa maka asiri ba. Maganar likita ko da gaskiya ce, ba labarin gidanka ba ne, naka zakaran a kasuwa ka saye shi. Sauya makaranta kuwa an gudu ne ba a tsira ba, don yarinyar da littafinta za ta tafi.

Ka fara da Yaya, yau, ita kaɗai, ba ranar Lahadi da yamma ba. Ka gaya mata komai daga babur har ƙwai, ka ce ka yi ƙarya, ka ce ka bar ta da nauyin ƙaryarka a ofis, ka nemi gafararta. Kar ka haɗa da "ai don ku na yi." Za ta yi fushi, mai yiwuwa ta daina yi maka magana kwana biyu. Kar ka saye ta da tsaraba, ka bar fushin ya yi kwanakinsa. Ka tambaye ta yadda take so a yi ranar Litinin. In tana so ka shiga ajin, ka shiga ka ce kai ka gaya mata abin da ba haka ba, ita kuma ta gaskata ubanta, wanda ba laifi ba ne. In ta fi so ka tsaya a ofis, ka gaya wa shugaba da malamar ajin. Malamar kuma tana bin ka ban haƙuri na musamman a kan sunan. Dukan da Yaya ta yi dabam ne, ta ba yarinyar nan haƙuri, don ko ubanta mai gaskiya ne rula ba ta goshi ba ce.

Sannan Shiru-shiru. Kar ka hukunta ta, kai ka ba ta sandar. Ka ce mata ba daidai ka yi ba da ka bar ta da wannan sirri, yanzu kowa ya sani, ta huta. Daga nan ka nuna mata inda kwanuka suke.

Auta kuwa ku zauna da ita kai da uwarta. Matarka ba za ta zame ba, hannunta na cikin kwalin nan har gwiwar hannu. Ku gaya mata a taƙaice cewa Malama ta mutu tuntuni, kun ji tsoron kukanta kuka kawo wata. Za ta yi kuka, ku rungume ta ta yi. Yaro mai shekara biyar yana iya jin labarin mutuwa in akwai cinyar da zai kwanta a kai. Ka nuna mata inda ka binne taka in ta nema. Zakaran nata ne, kar a yanka shi, kar a sayar, ta sa masa sunan da take so. Ƙwai kuma daga gobe ya tsaya a kicin. Matan layi su ji daga bakin matarka, za su yi dariyar mako guda su samu wani labarin.

Ka tambaya ko babbar za ta sake yarda da kai. Ba irin yardar da ba, wadda ake rubuta duk abin da Abba ya faɗa, kuma dama lokacin wannan ya kusa wucewa. Za ta fara auna maganarka, wani lokaci ta je ta bincika, kuma hakan alheri ne gare ta. Shekarun da ke tafe za ta yi nata kurakuran, waɗanda suka fi na kaza nauyi, kuma za ta fi iya kawo su wurin uban da ta taɓa gani ya sunkuyar da kai ya ce na yi laifi.

Ka rufe jaridar nan ka kira ta. Allah ya ba ka ƙarfin zuciya, ya raya maka su cikin albarka, ya sa ranar Litinin ta zo da sauƙi.

Antinku