Dattijo Na Bakwai

Litinin, 3 ga Maris

Alhamdulillahi! Jikata ta zama Dakta, jami'a kuma ta ɗauke ta koyarwa. Na faɗa wa tela, na faɗa wa mai aski, har mai gyaran keke da ba ma ga maciji. Tela ya ce ta zo ta duba masa bayansa. Na ce ba irin wannan Dakta ba ce. Ita zaman mutane da ƙasarsu take bincike: rijiyoyi, itatuwa, abin da ya ƙafe da dalilin ƙafewarsa.

Alhamis, 6 ga Maris

Ta kawo littafin binciken nata, mai baƙin bango, nauyi kamar bulo. Na sa tabarau na buɗe shafin godiya. Turancina na ajin yamma ne, da yatsa nake bi, amma sunana ba zai ɓace mini ba. Babu shi. Farfesanta layi biyar. Wai "uba ne a gare ni". Uba! Ni kuwa an cusa ni cikin "sauran dangi".

Wa ya zaga da ita rijiyoyi goma sha ɗaya da ciwon gwiwa? Wa ya nuna mata inda rafi yake bi kafin a gina tasha?

Juma'a, 7 ga Maris

Ban ci abincin rana ba. Tsohuwa, uwargidana, ta ce, "Kishi da furfura, Malam?" Na ce cikina ne.

Lahadi, 9 ga Maris

Farfesan ya zo gaisuwa. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa har ƙasa. Iya yi. Ya riƙe hannuna ya ce, "Baba, ashe kai ne Na Bakwai!" Jikata ta harare shi. Ban gane ba, ban kuma tambaya ba. Ba a bakinsa zan ji ba.

Litinin, 10 ga Maris

Na tsare jikata a zaure. Ta ce dokar aikinsu ce: wanda aka yi hira da shi ba a rubuta sunansa, lamba ake ba shi, don kada bakinsa ya jawo masa fitina. "Kaka, kai da ka tona asirin wanda ya cike rijiyar bayan kasuwa ya kafa shago a kai, so kake ya yi mana sallama? Ai da hannunka ka sa hannu a takardar amincewa."

Na tuna takardar. Ban karanta ba. Hankalina yana kan yadda zan lanƙwasa sa hannun ya yi kyau, ta ga kakanta ba ɗan dangwale ba ne.

Laraba, 12 ga Maris

Kwana biyu ina bin littafin da fensir. Dattijo Na Bakwai ya fito a shafi arba'in da uku. Farfesa a tara. Sau biyu na ƙirga.

Ba wanda zan iya faɗa wa, ko tela. Abin da ciwo.

Farfesan dai yana da ladabi, ba laifi. Na ce wa jikata ta gaya masa akwai rijiya ta goma sha biyu, wadda ban taɓa nuna wa kowa ba. In yana so, ya zo ranar Asabar. Ya sako takalmin kirki, akwai ƙaya.