Ya Saka Ƙofar, Amma Kar Ya Taɓa Ƙusar

Yaya, ina gaisuwa. Ya Inna da ƙafarta, ya yaran? Ni lafiya lau, duk siton nan babu mai ɗaukar buhu kamata, manaja ma tsorona yakeji. Bayana ne ke ɗan ciwo, sai a ƙasa nake iya kwanciya. Kar ka gayawa Inna.

Yanzu maganar da ta hanani cin abinci. Wai kun zauna da gidan kafinta kun yafe? Ɗansa fa yana cikin waɗanda suka ƙona layinmu, Autanmu ya mutu a hayaƙin. Kuka sha hannu, ni ko waya babu? Ni da in nayi tari samarin unguwa ke watsewa?

Kuma kace tsohon zaiyi mana sabuwar ƙofa da hannunsa, Inna ta hana a saka sai na yarda. Wallahi da naji na naushi bango. Bangon yaji jiki, hannuna ma ya kumbura. Katako ne zai dawo min da ƙanina?

Nasan tsohon shima ya binne nasa ɗan. Kuma bazan bar Inna da labule a bakin ɗaki ruwa na feso mata ba. To, ya saka ƙofar. Amma ka faɗa masa ni ban yafe ba tukuna. Ƙusar nan ta jikin bango inda Auta ke rataye rigarsa, in ya cire, da ƙafa zan tako gida.

Allah ya jiƙan Auta, ya bar mana Inna.

Ƙaninka, Sarkin Buhu